Fanken tuffa ya zo min a gwaji ɗaya, alkakin Hajiya ya kayar da ni

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Zan yi magana a kan fanken tuffa ɗin nan na Amurkawa mai ƙyallin sukari a kai, da alkakin kakata, da wani abu da ya tsaya min a rai tun watan jiya. 'Yan uwa masu harkar kayan fulawa, kar ku zage ni sai kun kai ƙarshe 🙏

2/ Wata Asabar ina kwance ina latsa waya na ci karo da bidiyonsa. Wata Ba'amurkiya ce, minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Ta yayyanka tuffa ƙanana, ta kwaɓa da fulawa, ta gasa, ta kwarara masa farin sukari yana sheƙi. Yawuna ya tsinke. Na ce wallahi yau sai na yi shi.

3/ Komai a rubuce yake a ƙasan bidiyon. Fulawa kofi 2, bakin foda ƙaramin cokali 2, ƙwai, madara, narkakken bota, garin kirfa, tuffa manya 2. Zafin oben digiri 200, minti 15. Na saman kuma garin sukari ne a dama da madara kaɗan. Ko ɗan firamare ya karanta ya san abin yi.

4/ Obenmu ya daɗe da mutuwa, don haka na yi irin dabarar da muke wa kek ɗin sallah: babbar tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ku yarda da ni, gwajin farko ya yi. Ya tashi, ya yi laushi, ƙamshin kirfa har zaure. Na ɗauki hoto ya fi ashirin kafin na bari kowa ya taɓa.

5/ Na jera uku a faranti na nufi ɗakin Hajiya ina taƙama. Ta gutsira, ta tauna a hankali, ta dube ni ta ce, "Kishiya, wannan ai fanke ne ya haɗiyi tuffa, aka yi masa wanka da sukari. Nawa kika kashe?" Da na faɗa mata kuɗin tuffar kaɗai sai ta ajiye sauran ta yi salati 😭

6/ Gaskiyarta. Abin da na ba mai tuffa ya fi kuɗin fulawa da sukarin da na zuba a haɗe. Bishiyar tuffa sai ta sha sanyi mai tsanani take fure sosai, Kano kuwa ba ta da irinsa. Yawancin wadda muke ci daga Afirka ta Kudu take tasowa ta jirgin ruwa, ta sauka Legas, ta hau mota har 'Yan Lemo. Kuɗin motarta muke biya.

7/ Amma ba maganar kuɗin ce ta dame ni ba. Tambayar da ta biyo baya ce. Ta ce, "To tunda kin iya na Turawa, bikin Yayarki saura wata uku. Ke za ki yi mana alkakin gara?" Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta miƙo min hannayenta biyu na ga yadda suke rawa.

8/ A gidanmu a Gwammaja, duk macen da aka aurar tun daga kan gwaggonninmu, Hajiya ce ta yi alkakin gararta da hannunta. Mama tana taya ta suya, mu muna satar ɓalli-ɓalli a gefe. Sai ranar na lura cewa a cikin jikokinta mata kaf babu wadda za ta iya kwaɓa shi daga farko har ƙarshe. Har ni mai baki.

9/ Na ce ai abu mai sauƙi ne, faɗa min in rubuta. Ga yadda hirar ta kasance:
"Hajiya, mai nawa ake zubawa?"
"Daidai."
"Ruwan kanwa fa?"
"Kar ya yi yawa, kar ya yi kaɗan."
"Awa nawa zai kwana?"
"Sai ya yi."
"Ta yaya zan san ya yi?"
"Ba ki da hanci ne?"

10/ Na tafi na yi ni kaɗai da "daidai" ɗina. Ina jefa na farko a mai ya watse, ya koma tsaki yana yawo a kasko. Na biyu ya tsaya, amma wajensa ya ƙone cikinsa ɗanye. Da na dafa sukarin kuma, kafin in gama tsomawa ya daskare ya yi fari fat kamar ƙasa. Rabin kwanon alkama ya tafi wa kaji.

11/ A daren na kasa barci ina juya abin. Matar da ban taɓa gani ba, a ƙasar da ban taɓa zuwa ba, ta koya min girkinta a minti ɗaya. Kakata da muke gida ɗaya shekara ashirin da ɗoriya, ban iya nata ba. Laifin wa?

12/ Ga ra'ayina, kuma shi ne dalilin zaren nan. Kayan fulawar waje suna cinye namu a kicin ɗin 'yan matan Kano ne saboda nasu a aune yake, a rubuce. Namu yana cikin tafin hannun tsofaffi. Ranar da hannun ya kwanta dama, ya tafi da abinsa. Mu da muka yi boko, mu ne ya kamata mu auna mu rubuta, kuma ba mu yi ba.

13/ Kafin wani ya ce ina ƙyamar abin baƙi: a'a. Shi kansa alkakin baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari. Sunansa daga Larabci yake, ka'ak. Alkama ma haka, ƙamh. Sukari, tuffa, kirfa, duk ta bakin Larabawa suka shigo mana.

14/ Ku tuna Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Fatake daga Arewacin Afirka sun yi ta ratsa Sahara suna sauka a nan. Unguwar Dandalin Turawa ma, Turawan da ke sunan Larabawa ne, don su aka fara kira da haka kafin zuwan Nasara.

15/ Wato kakannin kakanninmu sun ga abin baƙi, sun karɓa, sun juya shi da abin da ƙasarsu ke da shi: tsakin alkama, man gyaɗa, kanwa, tsamiya, zuma. Sun mai da shi nasu. Mu kuwa mun karɓi na baƙi muna kwafa harafi da harafi, na gida kuma mun bar shi yana tsufa tare da masu shi.

16/ Sai na koma wajen Hajiya da shiri. Gwangwanin madara, babban cokali, ƙaramin cokali, agogon waya, da wani tsohon littafin lakca da ya rage shafuka. Na ce ki yi abinki yadda kika saba, ni dai duk abin da kika ɗebo sai ya bi ta gwangwanina kafin ya shiga kwano.

17/ Ta ce wannan wane irin iyayi ne, ana girki ana lissafi kamar a banki. Ta yi mita, ta yi tsaki, ta ce 'yan boko ba su da aiki. Amma ta yarda. Sau uku muka yi, mako uku a jere. Kuma abin da na koya a zaman nan ya sa na daina ganin "daidai" ɗinta a matsayin rashin sani.

18/ Na farko, ɓarzar alkamar. Ba gari ake so ba, tsaki ake so mai ɗan laushi. Ta mai da ni wajen mai inji sau biyu. Idan ya yi gari sosai alkakin zai yi tauri kamar dutse, idan tsakin ya yi girma ba zai kama jikinsa ba. Nan ne nawa na farko ya fara lalacewa tun kafin ya ga ruwa.

19/ Na biyu, mai. Tana murza shi a cikin tsakin da tafin hannu har sai in ta dunƙula ya tsaya, in ta taɓa shi da yatsa ya rushe. Na auna sau uku, sau ukun bai zo ɗaya ba, don alkamar ba ɗaya ba ce. Sai na rubuta awon, na kuma rubuta alamar a gefensa. Alamar ce ainihin awon.

20/ Na uku, kwanan kwaɓi. Bakin foda da ke cikin fanken tuffa nan take yake aiki, bai damu da wata ko yanayi ba. Kwaɓin alkaki kuwa abu ne mai rai. Ƙwayoyin da ke sa shi tashi da tsami zafi suke so. A watan zafi dare ɗaya ya ishe shi, da hunturu sai an ƙara masa lokaci an lulluɓe shi. Shi ya sa ta ce "sai ya yi".

21/ Na huɗu, kanwa. Aikinta ta kashe tsamin da kwaɓin ya yi a kwanansa, ta kuma taimaka ya yi ja a mai. To tunda tsamin yau ba irin na jiya ba ne, kanwar ma ba za ta zo ɗaya ba. Hajiya tana ɗanɗana kwaɓin a harshe kafin ta zuba. In ta zarce, ɗaci da warin kanwa. In ta gaza, tsami.

22/ Na biyar, wuta. Ni na saba da suyar fanke, mai ya yi zafi a jefa a kwashe. Alkaki ba ya son gaggawa. Wuta kaɗan-kaɗan, ya soyu har cikinsa, ruwan jikinsa ya fita. Ta ce min, "Mai gaggawa ba ta aurar da 'ya da alkakinta." Ban sani ba ko karin magana ce ko a take ta ƙirƙira don ta caccake ni 😂

23/ Na shida shi ne ya fi burge ni: tsamiyar da take zubawa a dafaffen sukari. Na ɗauka don ɗanɗano ne kawai. Ashe tsamin ne ke farfasa sukarin gida biyu in ya ji wuta, sai ya kasa komawa ƙanƙara. Shi ya sa nata ke zama da danƙo yana sheƙi, nawa ya yi fari. Lemon tsami ma aikin da yake yi ke nan a dubulan.

24/ Abin da muke haddacewa a aji da dogon Turanci don cin jarrabawa, matar nan shekara hamsin tana yin sa a bakin murhu. Gwajinta: ta ɗiga sukarin tsakanin yatsu biyu, ta buɗe. In ya ja zare, ya yi. Babu ma'aunin zafi, babu agogo, kuma ban taɓa ganin ya ba ta kunya ba.

25/ Yanzu ku kwatanta. Fanken tuffana kwana biyu ya yi a zafin Kano ya fara yauƙi, saboda ruwan tuffar da ke ciki, ga wutar da za ta riƙe firij babu. Alkaki an soye ruwansa, sukari ya rufe shi ruf. Yana makonni a cikin kwalla lafiya lau. An yi shi ne don garin da ake zafi, don amaryar da za ta yi ta karɓar baƙi.

26/ Kuma alkamarsa a nan take. Ana nomanta da rani a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga. Hajiya ta tuna min da 1987, lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, fulawa ta yi wuya, masu burodi suka shiga uku. Ta ce ita ko a jikinta, alkakinta da funkasonta ba su taɓa jiran jirgin ruwa ba.

27/ To na san abin da wasu za su ce. "Ai alkaki bai mutu ba, ko yau kika je Kurmi ko Kasuwar Rimi za ki samu, ga masu yin na gara a kowace unguwa." Haka ne, kuma Allah ya ƙara musu kasuwa. Amma ku leƙa ku ga shekarun yawancin masu yin. Sannan ku tambaya ko 'ya'yansu sun karɓa.

28/ Kuma me zai sa su karɓa? Mu ne fa za mu biya kuɗin donot ɗin kwali ba tare da mun ce uffan ba, har da kuɗin mai kawowa. Amma in aka zo kan matar da ta kwana biyu tana ɓarza, tana kirɓi, tana naɗi ɗaya bayan ɗaya a gaban wuta, sai mu ce "Haba Baba, alkakin ne har nawa?" Yarinyar da ta ga haka za ta gaji sana'ar?

29/ Wasu za su ce, "Ai akwai bidiyon alkaki a YouTube da TikTok." Akwai, na kalla, wasu ma sun yi ƙoƙari sosai, Allah ya saka musu. Sai dai alkaki ba ɗaya ba ne. Na gidanku daban da na gidanmu. Wata da nono take kwaɓawa, wata da yis. Wata zuma, wata sukari da tsamiya. Na kakarki babu shi a wayar kowa.

30/ Wasu kuma za su ce awo yana kashe albarkar hannu, girkin gargajiya a jiki yake. Na yarda da rabin maganar. Littafina ba zai ba ni hancin Hajiya ba. Amma ita a gaban uwarta ta tashi, kullum tana gani, shekara da shekaru. Ni ina aji tun safe, in dawo magariba. Zaman da ya koya mata ba ni da shi. Rubutun ne zai cike min giɓin.

31/ Akwai kuma maganar sirrin sana'a, kuma wannan ina girmama ta. Matar da alkaki ke ciyar da marayunta ba dole ba ne ta zuba sirrinta a intanet don mu samu abin yaɗawa. Ban ce ku je ku ɗauki tsohuwa a waya ba da izininta ba. Na ce ku rubuta na gidanku, don gidanku. In a waje za ku koya, ku biya kuɗin koyo kamar yadda kuke biya a ajin kek.

32/ Eh, ajin kek. Nawa ne a cikinmu suka biya dubbai aka saka su a rukunin WhatsApp don koyon kek da donot da samosa? Ban ga laifi ba, sana'a ce, ni ma na taɓa shiga. Amma malamar da ta fi su duka tana ɗakin tsakar gida tana jan carbi, kyauta, kuma ba mu taɓa zama gabanta da biro ba.

33/ Masu cewa duk sukari ne, ciwon suga ya yi yawa a gari, ku ma kuna da gaskiya. Sai dai alkaki ba abincin kullum ba ne, na biki ne da sallah da suna, a ci ɗaya a sha ruwa. Wanda ya kamata mu ji tsoro shi ne wanda muke oda duk yamma muna korawa da lemon kwalba.

34/ Maza, kar ku wuce kamar ba da ku ake ba. Ku ne kuke cinye kayan garar in an kawo, har ku ɓoye nakiya a ɗaki kar ƙannenku su gani 😒 Riƙe biro da gwangwani ba ya rage mazantaka. In hannunka ba zai taɓa kwaɓi ba, zauna ka rubuta wa ƙanwarka. Ko ka sayo alkamar.

35/ Ga yadda za ku yi in kun tashi:
• Ku sayo kayan da kuɗinku, kar ku ɗora mata nauyi.
• Ku bar ta ta yi yadda ta saba, ku auna abin da ta ɗebo.
• Ku rubuta alama tare da awo: kala, ƙamshi, yadda yake a hannu.
• Ku rubuta watan da aka yi, zafi ne ko sanyi.
• Ku maimaita sau uku, na ukun ku yi ita ta kalla.

36/ Kuma ba alkaki kaɗai ba. Nakiya da yadda ake soya garin shinkafarta kar ya ƙone. Dubulan da naɗinsa. Gireba, funkaso, tsattsafa, alewar madara, bakilawa. Kowane gida a cikin Birni akwai abin da aka san tsohuwarsa da shi. Wani gidan ma daddawa ce ko yajin jego. Duk abin da in ta tafi za a ce "ai tun da Hajiya ta rasu ba mu ƙara cin irinsa ba."

37/ Kun san wannan jimlar. Kun taɓa jin ta a gidanku, wataƙila ma kun faɗe ta. Ana faɗarta da tausayi kamar ƙaddara ce ta faɗo daga sama. Mutuwa dai ƙaddara ce, babu mai tsare ta. Amma kwano da cokali da biro suna nan a gidan tun tana raye.

38/ A zama na uku ni na yi komai, Hajiya tana kan tabarma tana ba da umarni kamar kwamanda. Naɗina ya karkace, wasu sun yi kama da kunnen jaki. Amma ko ɗaya bai watse ba, sukarin kuma ya ja zare. Ta ɗauki ɗaya ta karya, ta duba cikinsa, ta tauna. Ta ce, "Ba laifi. Miji ba zai kore ki ba." A bakinta wannan lambar yabo ce.

39/ Fanken tuffa kuma ban daina ba, kar ku ce na tuba 😅 Na sake yi, amma na rage tuffar na haɗa da ayaba, na saman kuma na yi shi da dafaffen sukari da tsamiya irin na Hajiya a madadin garin sukari. Ya fi na farko sheƙi, ya fi shi arha. Ita ma ta ci biyu tana cewa bai kai alkaki ba.

40/ Bikin Yaya saura mako bakwai. Kwano huɗu za mu yi, ni da ƙannena biyu da 'yar gwaggona, Hajiya tana daga zaune. Littafin ya kai shafi goma sha ɗaya, duk ya sha mai. Nakiya ce ta gaba, ta ce sai na sayo kanumfari da masoro da kimba tukuna, kuma kar in kuskura in zo mata da man shanun kanti.

41/ In kakarki ko kakarka tana raye, a je a gaishe ta a ƙarshen makon nan, a tafi da gwangwani. Ku faɗa min a ƙasa: wane abu ne tsohuwar gidanku ta iya wanda babu wanda ya karɓa har yanzu? Waɗanda nasu suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu ya sa Aljanna ce makoma. Masu rai Allah ya ƙara musu lafiya. Amin 🤲